Layuka Biyu, Tsawo Ɗaya: Hasashen da Muke Haddacewa Ba Tare da Mun Tuhume Shi Ba

Akwai wani zane da kusan kowane ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam yake cin karo da shi tun shekararsa ta farko. Layuka ne guda biyu, tsawonsu ɗaya. Na farko an yi masa kan kibiya a kowane ƙarshe, kamar mashi mai baki biyu. Na biyu kuwa an juya kawunan, sun buɗe waje kamar wutsiyar kifi. Duk wanda ya duba zai rantse na biyun ya fi tsawo. Ko ya ɗauko ma'auni ya gwada ya tabbatar daidai suke, da zarar ya janye ma'aunin sai idonsa ya koma kan bakansa. Wani Bajamushe ne mai suna Franz Carl Müller-Lyer ya fitar da zanen a 1889, kuma da sunansa ake kiran wannan ruɗin ido har yau.

A ƙarƙashin zanen, littattafai da yawa sukan ƙara wani bayani mai daɗin ji. Wai ba kowa zanen yake ruɗawa ba: mutanen da suka tashi cikin gidaje masu kusurwa huɗu su ne suka fi faɗawa tarkon, alhali ƴan Afirka da suka girma cikin bukkoki masu da'ira kusan ba ya kama su. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci maki. A ganina wannan asara ce, domin maganar ba ta tabbata ba, kuma yadda aka yi ta ja-in-ja a kanta fiye da shekara sittin ya fi kowane babi na littafin hanyoyin bincike koyar da yadda ake gwada hasashe. Mun ɗauki ɓawon mun zubar da ƙwayar.

Wanda ya fara kai irin waɗannan zane-zane wajen Turai shi ne W. H. R. Rivers, likita kuma masani daga Jami'ar Kambirij, cikin ayarin da ya tafi tsibiran mashigin Torres, tsakanin Ostiraliya da Niyu Gini, a 1898. Ya ga zanen Müller-Lyer bai ruɗi mutanen tsibirin kamar yadda ya ruɗi Ingilishi ba. Amma akwai wani zanen, mai layi ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wanda ido yakan ga na tsayen ya fi tsawo. Wannan kuwa ya fi kama mutanen tsibirin. Wannan saɓani yana da muhimmanci. Da a ce duka zane biyun sun nuna abu guda, da sai a ce ai mutanen ba su fahimci tambayar ba ne, ko ba su mai da hankali ba. Tun da ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, wannan bayani mai arha ya yi wuya.

Babban aikin ya zo ne daga mutum uku a Amurka: Marshall Segall, Donald Campbell da Melville Herskovits. Sun buga taƙaitaccen sakamako a 1963, littafin kuma ya fito a 1966. Sun shirya ɗan kundi na zane-zane da umarnin yadda za a gabatar da shi, suka raba wa masu binciken al'adu da ke zaune a wurare dabam-dabam. An gwada kusan mutum 1,900 daga al'ummomi kimanin 15, yawancinsu a Afirka: Ankole da Toro na Yuganda, Suku da Songe na Kongo, Fang, Bete na Kodibuwa, Ijo na Najeriya, Zulu, San na hamadar Kalahari, da wasu daga Sanagal da Dahomi. An haɗa da Hanunoo na Filifin, da Turawan Afirka ta Kudu, da mazauna garin Evanston na jihar Ilinoi. A kowane shafi ana sauya tsawon layukan kaɗan-kaɗan, don a gano inda mutum yake ganin sun yi daidai. Ƴan Evanston sai da aka ƙara wa layi mai kan mashi kusan kashi 20 cikin ɗari kafin suka ce ya kamo ɗan'uwansa. Mutanen San kuwa ƙarin da suke bukata bai taka kara ya karya ba.

Bayanin da suka bayar shi ake kira hasashen duniyar kafinta. Wanda ya tashi cikin ɗakuna, tebura, ƙofofi da tituna masu miƙaƙƙiyar kusurwa, ƙwaƙwalwarsa ta saba fassara karkatacciyar kusurwa a matsayin alamar nisa da kusa. Tsai da layukan nan biyu a tsaye ka duba. Mai kan mashi yana kama da kusurwar gini da ta turo kanta wajenka. Mai wutsiyar kifi yana kama da lungun ɗaki da ya yi nesa da kai. Idan abu biyu suka cika wuri ɗaya a cikin ido amma ɗaya ya fi nisa, to na nesan shi ne babba, sai ƙwaƙwalwa ta miƙa shi. Richard Gregory a Ingila ya kawo bayani mai kama da wannan a 1963.

Kafin suka, a ba su haƙƙinsu. Segall da abokansa ba su tsaya ga cewa “al'ada tana shafar gani” ba, maganar da duk abin da ya fito za ta iya haɗiye shi. Sun faɗi wane zane zai fi kama wane irin mutane, kuma ta wace fuska. Sun ce ruɗin tsaye da kwance zai fi ƙarfi ga mazauna fili mai shimfiɗa, inda ido ya saba karanta layin da ya miƙe gaba a matsayin doguwar tafiya, ya kuma yi rauni ga mazauna kurmi. Aka kuwa samu Ankole da Toro a sama, Bete a ƙasa. Sun sa shafukan share fage don tantance ko mutum ya gane abin da ake tambayarsa. Sun buga layukan da za a kwatanta da ja, kawunan kibiya da baƙi, don kada a rikita. Hasashen da ya fito fili haka ya ba abokin hamayya wurin kamawa, kuma wannan shi ne babban abin yabo a aikinsu.

To amma me bambancin da suka samu ya tabbatar? A nan ne ɗalibai da dama suke zamewa, kuma laifin yadda ake koyar da ƙididdiga ne. Ana koya mana mu kafa hasashen “babu bambanci”, mu lissafa, idan lambar ta sauka ƙasa da 0.05 mu kore shi. Shi ke nan sai murna. Alhali abin da aka kore ɗaya ne tak: cewa bambancin sa'a ce kawai ta zaɓen mutane. Ba a ce uffan ba game da abin da ya haifar da shi. Mutumin Evanston da mutumin Kalahari sun bambanta a siffar gida, haka ne. Sun kuma bambanta a zuwa makaranta, da sabo da takarda da hoto, da sabo da a zaunar da mutum a yi masa tambayar da mai tambaya ya riga ya san amsarta, da harshe, da abinci, da lafiyar ido, da wanda ya riƙe kundin ya gabatar musu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kusurwar gida. Lissafi ba zai zaɓar maka ɗaya ba.

Akwai kuma wata dabara da adadi yake yi wa ido. Mutum 1,900 suna da yawa. Amma abin da ake zargi, wato siffar muhalli, sifa ce ta al'umma, ba ta mutum ɗaya-ɗaya ba. Don haka a wajen gwada wannan hasashe, ainihin abin ƙirgawa al'ummomi ne, su kuwa kimanin 15 ne kawai, wasunsu ma maƙwabta ne masu tarihi ɗaya. Kuma kowace al'umma da nata mai gwaji, don haka ba a iya raba tasirin wuri da tasirin hannun da ya yi aikin.

Ba a daɗe ba kishiya ta bayyana. Robert Pollack a Amurka ya ce wataƙila ba ruwan gida a ciki: yawan launin da ke bangon ido na ciki, inda haske yake sauka, yakan tafi tare da duhun fata, kuma yana iya rage kaifin ganin gefen layi, ruɗin ya ragu. Ko mutum bai so wannan bayani ba, dole ya yarda cewa ya dace da alƙaluman Segall kamar yadda na kafinta ya dace, tun da mafi yawan waɗanda ba su ruɗu ba baƙaƙen fata ne. Hasashe biyu, sakamako ɗaya. Ƙara yawan mutane ba zai raba gardamar ba. Abin da zai raba ta shi ne a nemo inda hasashen biyu suke faɗin abu dabam.

Haka V. Mary Stewart ta yi a binciken da ta buga a 1973, kuma tsarinta ya cancanci kowane ɗalibi ya zana shi a bangon ɗakinsa. A Evanston ta gwada ƴan makaranta baƙaƙe da farare: muhalli ɗaya, fata dabam. Ba ta ga wani bambancin kirki ba. A Zambiya ta gwada yara daga ƙauyuka har zuwa birnin Lusaka: fata ɗaya, muhalli dabam. Ta ga ruɗin yana ƙaruwa yayin da ake matsowa birni. Wannan ya raunana bayanin launin ido. Sai dai a lura, bai tsarkake na kafinta ba, domin birni ba kusurwa kaɗai yake kawowa ba. Yana kawo makaranta da littafi da hoton jarida.

Kusa da mu, a Gana, Gustav Jahoda ya riga ya yi irin wannan gwaji a 1966. Ya kwatanta Lobi da Dagomba na arewa, waɗanda muhallinsu ba shi da yawan miƙaƙƙun kusurwoyi, da Ashanti masu gina ɗakuna kusurwa huɗu, dukansu waɗanda ba su yi boko ba. Ka ga an cire makaranta daga lissafi ke nan. Bambancin da hasashen ya yi alkawari a zanen Müller-Lyer bai fito ba. Littattafan da suke ba mu labarin San da Evanston ba safai suke ambaton wannan ba, ko da yake an buga shi a shekarar da littafin Segall ya fito.

Hanya mafi kaifi ta gwada hasashe ita ce a bi shi har gida, a tambaye shi: idan gaskiya kake faɗa, me kuma ya wajaba mu gani? Idan kama da kusurwar gini ce take haifar da ruɗin, to in an cire kawunan kibiya aka sa ƴan da'irori a ƙarshen layukan, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ya kamata ruɗin ya ɓace, tun da babu ɗakin da lungunsa yake kama da tabarau. An gwada, ruɗin yana nan. Idan sabon ido ne, bai kamata yatsa ya ruɗu ba. An yi zanen da tudu-tudu a kan takarda aka ba mutane su shafa, har da makafi, suka ji layi ɗaya ya fi tsawo. Idan yawan zama cikin kusurwa ne, babba ya kamata ya fi yaro ruɗuwa, tun da ya fi shi shekarun zama a ɗaki. Abin da aka saba samu akasin haka ne, ruɗin ya fi ƙarfi a yarinta ya ragu da girma. An kuma ba da rahoton alamunsa ga tattabaru da aku da birai da kifi, ko da yake masu kare hasashen suna iya cewa dabbar da aka rena cikin keji ita ma ƴar gidan kafinta ce.

Shaidar da ta fi tsaya mini a rai daga Indiya ta fito. Akwai wani shiri mai suna Prakash, wanda Pawan Sinha yake jagoranta, da ke yi wa yaran da aka haifa da yanar ido tiyata, sannan a nazarci yadda suke koyon gani. A 2015 suka buga sakamakon yara tara, ƴan shekara 8 zuwa 16, waɗanda aka nuna wa zanen cikin awa 48 bayan an buɗe musu ido. Yaran sun ga layi mai wutsiyar kifi ya fi tsawo, kamar kowa. Yaron da bai taɓa ganin kusurwar ɗaki ba sai shekaranjiya, yaushe ya koyi fassara ta? Tara ba yawa ba ne, kuma yaran sun taɓa bango da tebur da hannu tsawon rayuwarsu, wasunsu suna iya bambance haske da duhu tun kafin aikin. Duk da haka, idan aka jera wannan da na da'irori da na yatsa, nauyin ya koma ɗaya gefen. Dorsa Amir da Chaz Firestone sun tattara irin waɗannan hujjoji a wata maƙala ta 2025, suka kammala cewa da wuya ruɗin ya zama ɗan al'ada.

Mai karatu zai iya tsayar da ni a nan ya ce: to alƙaluman Segall fa, ƙarya ne? Ba ƙarya ba ne, kuma duk wanda ya ƙi bayanin kafinta, bashin bayanin wannan bambanci yana wuyansa. Ga abin da nake ganin ya fi kusa. Mai bincike ba ya shiga idon mutum. Amsa yake rubutawa. Tsakanin abin da ido ya gani da abin da baki ya faɗa akwai tafinta, akwai kunya, akwai ƙoƙarin gane abin da baƙo yake so a ce. Tun 1860 da Gustav Fechner ya kafa hanyoyin auna ji da gani ake fama da wannan rata, har aka zo ga littafin David Green da John Swets na 1966, wanda ya nuna yadda za a raba kaifin gani da son zuciyar amsa ta hanyar lissafi. Gwada fassara tambayar da Hausa ka gani. “Wanne ya fi tsawo?” Kalmar tsawo tana ɗaukar na mutum a tsaye da na igiya a kwance. “Wanne” kuma yana iya nufin jan layin kaɗai, yana iya nufin zanen ɗungum da kawunansa. Wanda ya ɗauki ma'ana ta biyu ya ce mai wutsiya ya fi tsawo, gaskiya ya faɗa, ba ruɗi a ciki. Wani kuma ya ɗaga takardar, ya karkata ta, ya dubi jan layi shi kaɗai ya yi watsi da baƙin, tun da an ma raba masa su da launi. Harshe goma sha wani abu aka yi wannan tambaya da su, ta bakin mutane dabam-dabam.

An taɓa ganin yadda kayan gwaji suke ƙirƙiro “bambancin gani”. A 1960 William Hudson a Afirka ta Kudu ya nuna wa mutane hoton maharbi da mashi, ga gada kusa, ga giwa ƙarama can nesa a kan tudu, ya tambaya wa ake shirin soka. Da yawa waɗanda ba su yi makaranta ba suka ce giwa, aka yanke cewa ba sa ganin zurfi a hoto. Sai Jan Deregowski a Zambiya ya sauya aikin: ya ba mutane zanen siffofi da tsinkaye da abin mannawa ya ce su gina abin da suka gani. Da dama daga waɗanda suka faɗi gwajin Hudson sai ga su sun gina siffa mai tsawo da faɗi da zurfi. Idon bai canja ba tsakanin gwaji na farko da na biyu. Tambayar ce ta canja.

Ba ina cewa muhalli ba ya taɓa gani ko kaɗan ba. Binciken da aka yi da Himba na Namibiya daga 2007 ya nuna wani ruɗin dabam, na da'ira da ke kewaye da manya ko ƙananan da'irori, bai kama su kamar mutanen Landan ba, kuma ya fi kama waɗanda suka zauna a garin Opuwo. Wannan tambaya a buɗe take, tana kuma bukatar irin tankaɗen da aka yi wa ta farko. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki hasashe ɗaya a naɗa masa rawani don ya yi daɗin faɗa.

Daɗin faɗar kuwa shi ne sirrin tsawon ransa. A 2010 Joseph Henrich, Steven Heine da Ara Norenzayan suka buga shahararriyar maƙalarsu mai cewa ilimin halayyar ɗan Adam ya dogara fiye da kima ga ɗaliban jami'o'in ƙasashen Yamma, sannan ya kira abin da ya samu halin “ɗan Adam”. Ƙorafin gaskiya ne. Suka kafa hujja da alƙaluman Segall, zanen ya sake samun kasuwa. Mu ma nan yana yi mana daɗi: ga wani fage da Bature ya ruɗe, kakanmu na bukka ya ga daidai. Amma sakamakon da ya faranta maka rai shi ya fi cancantar ka juya shi ka dubi bayansa, kamar yadda mai sayen goro ba ya yarda da na saman huhu. Kuma gaskiyar ƙorafin Henrich ba ta rataya ga wannan misali ɗaya ba.

Ƙasar Hausa tana da abin da Segall bai samu ba. A yankunan Maraɗi, Damagaram da Katsina ana iya samun, cikin harshe ɗaya da kasuwa ɗaya, waɗanda suka tashi a kago mai da'ira da rumbu a tsakar gida, da waɗanda suka tashi a shigifa da soro masu kusurwa. Akwai wanda ya yi boko, akwai wanda allo kaɗai ya riƙe, akwai wanda bai yi ko ɗaya ba. Ke nan ana iya raba tasirin gini da na karatu, a maimakon a bar su a cakuɗe. Ɗalibin da zai ɗauki wannan aiki a Yamai ko Zariya sai ya rubuta tun kafin ya fita wane sakamako zai sa ya saki hasashen, ya ajiye takardar a hannun malaminsa. Ya auna lafiyar idon kowa. Ya haɗa zanen kibiya da na da'irori, domin hasashen kafinta yana faɗin bambanci a na farko kawai, bayanin fahimtar tambaya kuwa yana faɗinsa a duka biyun. Ya rage dogaro da baki: a ba mutum layi mai zamewa ya ja da hannunsa har ya ga ya yi daidai da ɗayan, kuma wanda zai karanta ma'aunin kada ya san daga wane gida mutumin ya fito. Wahalar da zai tarar ita ce lokaci ya riga shi. Kwano da bulo sun shiga ƙauyuka, kuma ko a rugar da babu kusurwa ɗaya a gini, akwai wayar salula mai fuska kusurwa huɗu a aljihun wani. Dole ya nemi hanyar auna yawan kusurwar da kowane mutum ya rayu da ita, da tambayar shekarar da aka yi wa gidansu rufin kwano da shekarar da ya fara riƙe waya.